Babi na Shida: Daga Ɗaki Ɗaya Zuwa Ƙasashe 69

Ranar Asabar 23 ga Yulin 2011 aka buɗe wani ɗaki a Cibiyar Manhaja ta Ƙasa da ke birnin Cork, a kudancin ƙasar Ayalan, aka ce duk yaron da ke son koyon gina shafin intanet ya zo, ba sai ya biya ko sisi ba. Mutum biyu ne suka kira zaman. Ɗaya saurayi ne ɗan shekara 18, James Whelton, wanda bai daɗe da gama sakandare ba. Ɗayan kuma Bill Liao, ɗan kasuwa haifaffen Ostareliya da ke zaune a yankin. Whelton ya yi suna ne a ƙarshen 2010, lokacin da ya kutsa cikin manhajar 'yar na'urar sauraron waƙa ta iPod Nano. Da labari ya bazu, sai ƙannensa na makaranta suka matsa masa da ya koya musu. Ya haɗa musu ɗan kulob yana nuna musu HTML da CSS. Daga wannan kulob ne aka samo tunanin abin da suka kira CoderDojo.

Ba a yi nisa ba sai ga iyaye suna kawo 'ya'yansu tun daga Dublin, tafiyar sama da kilomita 250. Aka buɗe reshe a Dublin, wasu garuruwan suka biyo baya, abin ya tsallaka teku. A watan Mayun 2017 rassan sun haura 1,250 a ƙasashe 69, yara sama da 35,000 suna zuwa a kai a kai.

Duk wanda ya fara irin wannan aiki, ya ga ɗakinsa ya cika har wasu na leƙe ta taga, tambayar da za ta hana shi barci ita ce yadda zai faɗaɗa shi ba tare da ya ɓata shi ba. Amsar da wannan babi zai kare ita ce: shirin koya wa yara gina shafi yana girma ne gwargwadon yawan mutanen da za su iya zama kusa da yaro idan shafinsa ya ƙi fitowa. Kwamfuta da ɗaki da kuɗi duk ana samunsu da wuri idan aka dage. Mutumin nan mai haƙuri shi ne ke da wuyar samu, don haka da shi ake fara lissafi.

Abin da ke faruwa a kan teburi

Kafin a yi maganar rassa, mu dubi yaro ɗaya a zamansa na farko. An ba shi kwamfuta, an ce ya buɗe manhajar rubutu ta Notepad. Ya rubuta alamar h1 tsakanin 'yan kusurwoyi biyu, ya rubuta sunansa, ya rufe alamar. Ya ajiye fayil ɗin, ya danna shi sau biyu. Idan komai ya tafi daidai, sunansa zai bayyana da manyan baƙaƙe a cikin manhajar da yake kallon ƙwallo da ita kullum. A nan ne yake gane cewa shafukan da yake gani mutane ne irinsa suka rubuta su, kuma ƙofar a buɗe take. Wannan kuwa da gangan aka yi shi. Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Jeneba a 1989, kuma ranar 30 ga Afrilun 1993 cibiyar ta sake shi kyauta ga kowa. Har yau kowane shafi kana iya buɗe cikinsa ka ga yadda aka rubuta shi.

To amma sau da yawa ba ya tafiya daidai. Yaro ya danna fayil, sai ya ga rubutunsa ya dawo masa tsirara, da kusurwoyi da komai, domin kwamfutar ta maƙala wa sunan fayil ɗin txt a ƙarshe maimakon html. Na kusa da shi ta saka hoton kyanwarta, sai wani ɗan fili fari ya fito a gurbin hoton, saboda hoton yana wata jaka, shafin yana wata. Wani ya manta bai rufe alamar kanun labari ba, duk shafin ya koma manyan baƙaƙe. Wata ta bar waƙafi mai ruwa guda ɗaya a CSS, launin da ta zaɓa ya ƙi hawa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai ɗauki wanda ya sani fiye da daƙiƙa talatin. Amma ga ɗan shekara tara, minti goma yana kallon allon da ya ƙi yi masa biyayya ya isa ya yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da kan wannan abu. Mako mai zuwa ba za a gan shi ba, kuma ba wanda zai san dalili.

Abin da ke ceton yaron shi ne wani ya ja kujera ya zauna gefensa, ya ce, "Karanta mini layin nan da ƙarfi." Ƙwararren mai jagora ba ya taɓa madannan yaro. Yana barin sa ya gano da kansa, ko da hakan zai ci minti biyar, domin gano kuskure shi ne ainihin darasin. Wannan ɗan zama na minti biyar shi ne abin da shirin ke bayarwa. Duk wani tsarin faɗaɗawa da ya rage yawansa ya rage shirin, ko da adadin rassa ya ninka.

A ƙirga manya kafin a ƙirga yara

Mu ɗauka cewa mai jagora ɗaya zai iya kula da sababbin yara shida yadda ya kamata. Ɗaki mai yara talatin yana buƙatar mutum biyar kowace Asabar. Amma 'yan sa-kai suna da biki da rasuwa da rashin lafiya da tafiya, don haka sai an sami takwas ko goma a rubuce kafin a tabbatar da biyar a zahiri. Wanda ke mafarkin rassa goma, ashe mutum tamanin zuwa ɗari yake nema, waɗanda za su ba da hutunsu ba albashi, ba na wata ɗaya ba. Idan wannan adadi ya ba ka tsoro, to ya yi aikinsa. Gara a gan shi a takarda kafin a yi wa iyaye alkawari.

Duniya ta riga ta gwada ɗaya hanyar, wato a fara da na'ura. A 2005 Nicholas Negroponte ya ƙaddamar da shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda har aka yi gwajinsa a wata firamare a Galadima da ke Abuja. Ƙasar Peru ta raba dubban ɗaruruwan kwamfutocin. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a makarantun firamare 319 na karkarar ƙasar, bayan wata 15 da fara shirin. Yaran sun saba da na'urar, an kuma ga ɗan ci gaba a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani, amma a lissafi da harshe ba a ga wani bambanci ba. An kai kaya, ba a shirya masu koyarwa daidai da yawan kayan ba.

CoderDojo ta bi ta wata kafar. A yawancin rassa yara ne ke zuwa da kwamfutar gida, reshe kuma ya tanadi 'yan kaɗan na aro ga waɗanda ba su da ita. Ɗaki aro ne daga laburare, ko kwaleji, ko kamfani da ofishinsa ke zaman banza ranar Asabar. Ƙarfin shirin gaba ɗaya sai ya tafi wajen neman mutane. A inda gidaje ba su da kwamfuta dole a nemi na'urori, wannan gaskiya ne, amma ƙa'idar ba ta canjawa: kada a karɓi kwamfuta hamsin kyauta alhali masu jagora uku ne. Za su ƙare a sito suna shan ƙura, wanda ya bayar kuma ya daina amincewa.

Abin da ake riƙewa da abin da ake saki

Reshe na biyu shi ne jarrabawa ta gaskiya, domin shi ne wuri na farko da wanda ya kafa shirin ba ya nan. A ɗakin farko komai yana cikin kansa: yadda ake tarbar sabon yaro, yadda ake raba faɗa, abin da ake yi idan intanet ta ɗauke. A reshe na biyu sai abin da aka rubuta, ko aka koyar, ke aiki. Daga nan tambaya ta taso: me za a wajabta wa kowane reshe, me za a bar wa mutanen wurin?

Masu CoderDojo sun riƙe abubuwa kaɗan, suka riƙe su da ƙarfi. Zaman kyauta ne, ba a karɓar kuɗi daga yaro. Na 'yan shekara 7 zuwa 17 ne, ba a ware kowa. Dole a kiyaye lafiya da mutuncin yara. Game da ɗabi'a kuma doka ɗaya ce tak, wadda ma'anarta ita ce a zama mutumin kirki: ba cin zali, ba ƙarya, ba ɓata wa mutane lokaci. Wanda ya amince da wannan, ya sami ɗaki da mataimaka, sai a tantance shi a sa reshensa a jerin rassa. Abin da za a koyar, da ranar zama, da harshen da za a yi magana da shi, duk nasa ne. Saboda wannan sassauci ne abin ya yi saiwa a wuraren da al'adarsu ta yi nisa da ta Ayalan. A Japan an buɗe reshen farko a Tokyo a 2012, rassan ƙasar suka zo suka haura 200, da ƙungiyarsu ta ƙasa mai kula da su. A Beljiyam ma an kafa irin wannan ƙungiya.

A Birtaniya kuwa, a 2012, Clare Sutcliffe da Linda Sandvik sun kafa Code Club da wani tsarin dabam. Nasu a cikin makarantun firamare aka fara shi, awa ɗaya a mako bayan an tashi, ga 'yan shekara 9 zuwa 11. An rubuta darussa daki-daki, ana farawa da Scratch, a wuce HTML da CSS, sannan Python. Ɗan sa-kai ya zo ya tarar da malamin makarantar, da ɗakin kwamfuta, da takardar aikin ranar.

Kowane tsari da ribarsa da farashinsa. Rubutaccen darasi yana ba malamin da bai taɓa gina shafi ba damar buɗe kulob, don haka ya fi saurin yaɗuwa inda ƙwararru suka yi ƙaranci. Amma yaro mai hanzari yakan gama ya zauna yana jira. Sakakken tsari yana barin yaro ya bi son ransa, amma ingancin reshe ya dogara kacokan ga mutanen da Allah ya haɗa a wurin. Ba mamaki da daga baya kowanne ya matso kusa da ɗan'uwansa: CoderDojo ta fitar da 'yan katunan darasi masu shafi ɗaya, kowane kati da abu guda da yaro zai gwada, domin sabon mai jagora ya sami abin kamawa. Darasin mai tsara shiri shi ne ya zauna tun kafin reshe na biyu ya rubuta abubuwan da ba za a taɓa ba, kada su wuce shafi ɗaya. Idan sun yi yawa ba wanda zai kiyaye su, idan babu su kuma wata rana za ka ji wani yana karɓar kuɗin rajista da sunanka.

Magada daga cikin gida

Ina za a samo mutanen nan tamanin? Da farko daga kamfanoni da jami'o'i, amma wannan rijiya tana da iyaka. Mabubbugar da ba ta ƙafewa tana cikin ɗakin. A rassan CoderDojo akwai wata al'ada da ake koya wa yara: kafin ka kira babba, ka tambayi uku. Ka sake duba aikinka, ka bincika, ka tambayi na kusa da kai. Wannan yana rage wa masu jagora nauyi, amma babban amfaninsa shi ne yarinyar da ta gano matsalar hoto makon jiya ita ce za ta warware wa sabon zuwa yau. Da ta yi haka sau biyu sau uku, ta fara zama malama ba tare da an naɗa ta ba.

Wanda ya san tsangaya ya san wannan tsari. Malam ɗaya ba zai iya biya wa almajirai ɗari allo ba. Gardawa ne ke biya wa na ƙasa da su, su ma suna ƙara ƙarfafa nasu karatun, kuma daga cikinsu ake samun wanda zai je ya kafa tasa makarantar. Shirin da ke son girma sai ya mai da wannan manufa rubutacciya. Ɗan shekara 14 da ya yi shekara biyu yana zuwa a ba shi teburin sababbi, a ba shi riga ko wata alama, a gode masa a gaban iyayensa. Bayan shekara huɗu shi ne babban da ake nema.

Iyaye ma mabubbuga ce. A yawancin rassa ana buƙatar wanda ya kawo ƙaramin yaro, galibi wanda bai wuce shekara 12 ba, ya zauna har a tashi. Uwar da ba ta san HTML ba tana iya riƙe rajistar shiga, uba ya jera kujeru da wayoyin wuta. Da yawa daga cikin waɗanda suka buɗe sababbin rassa iyaye ne da suka gaji da doguwar tafiya suka ce bari mu yi namu a unguwarmu.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ya kamata a ɗauka da muhimmanci: kada a buɗe reshe da shugaba ɗaya. Abin da ya fi kashe irin waɗannan kulob ba rashin yara ba ne. Mutum ɗaya ne ke riƙe da makulli da lambar iyaye da kalmar sirri, sai aka canja masa wurin aiki, ko ya yi aure, ko ya gaji. Tun ranar farko a sami na biyu wanda ya san duk abin da na farko ya sani.

Amanar 'ya'yan mutane

A ɗaki ɗaya kowa ya san kowa. A rassa ashirin wanda ya kafa shirin zai tarar da mutanen da bai taɓa gani ba suna zaune da yara da sunan shirinsa. Wannan ne wurin da ba a sassauci. A Ayalan doka ce: tun daga Afrilun 2016, lokacin da dokar tantancewa ta 2012 ta fara aiki, duk wanda zai riƙa aiki da yara a kai a kai, ko da na sa-kai ne, sai hukumar 'yan sanda ta binciki tarihinsa. Inda babu irin wannan doka, shiri ya kafa tasa: a san mutum da masu tsaya masa, kada babba ya keɓe da yaro, kada ya riƙa tura masa saƙo a waya shi kaɗai, kuma kowa ya san wanda zai kai wa ƙara idan ya ga abin da bai gamsu da shi ba.

Gina shafi yana da nasa haɗarin na musamman. Abu na farko da ake ce wa yaro ya rubuta shi ne shafi game da kansa, shi kuwa da zuciya ɗaya zai sa cikakken sunansa da makarantarsa da unguwarsu da hotonsa. Muddin shafin yana cikin kwamfuta, ba laifi. Ranar da za a ɗora shi a intanet, dole wani babba ya karanta shi layi-layi. Wannan ma aiki ne da ke buƙatar mutum, a sa shi cikin lissafi.

Sai batun 'yan mata. Idan aka bar ƙofa a buɗe aka ce kowa ya zo, maza ne ke cika ɗakin. A 2017 'yan mata ba su kai kashi ɗaya cikin uku na masu zuwa rassan CoderDojo ba, har masu tafiyar da CoderDojo suka ƙaddamar da shiri na musamman da nufin kai su kashi 40 cikin ɗari. Abin da ya fi tasiri sananne ne: mata a cikin masu jagora, kujerun da aka ware tun wajen rajista, da lokacin zama da iyaye za su natsu da shi. Gyara wannan a reshe ɗaya abu ne mai sauƙi. Idan aka bari sai an kai hamsin, an riga an kwafi giɓin sau hamsin.

Kayan aiki suna mutuwa

A 2012 gidauniyar Mozilla ta fitar da wata manhaja mai suna Thimble. Yaro ya rubuta HTML a hagun allo, ya ga sakamako nan take a dama, ya danna maɓalli ɗaya shafinsa ya hau intanet. Malamai da yawa suka gina darussansu a kanta. A watan Disambar 2019 aka rufe ta, aka ce masu aiki su kwashe kayansu zuwa dandalin Glitch. A watan Yulin 2025 shi ma Glitch ya daina ɗaukar nauyin shafukan mutane. Wanda ya rubuta littafin darasi mai cike da hotunan "danna nan, danna can" sau biyu ke nan yana sake shi daga farko, kuma ayyukan yaran da ba a kwashe ba sun tafi.

HTML da CSS kuwa suna nan. Håkon Wium Lie ya gabatar da CSS a 1994, kuma shafin da aka rubuta da sauƙaƙan alamomi shekara 25 da suka wuce har yau yana buɗewa. Saboda haka a gina darasi a kan abin da ba na kowa ba: fayil, manhajar rubutu, da manhajar buɗe shafi. Dandalin zamani a ɗauke shi a matsayin ƙari. Kowane yaro ya tafi gida da aikinsa a filashi ko a waya. Wannan zaɓi yana da wata riba ga wuraren da data ke da tsada ko wuta ba ta tsayawa: wata uku na farko ana iya yin su ba tare da intanet ba sam.

Idan shiri ya shiga sabon harshe kuma, akwai ƙananan abubuwa da ke nuna ko an yi tunanin yaran wurin. Yaron da ya rubuta "ƙauyenmu" ko "ɗan'uwana" a shafinsa, ya ga wasu baƙin alamomi sun fito a gurbin ƙ da ɗ, zai ɗauka harshensa ne bai dace da kwamfuta ba. Layi ɗaya a saman fayil, wanda ke shaida wa manhaja cewa an yi rubutun da tsarin UTF-8, shi ke magance wannan. A sa layin a darasin farko, a kuma nuna wa yaro yadda zai samu ɓ da ɗ da ƙ a madannai. Fassara takardun darasi wajibi ce, amma misalan ma a sauya su, yaro ya gina shafin abin da ya sani.

Me ake ƙirgawa?

Masu ba da tallafi suna son babban adadi, kuma mafi sauƙin samu shi ne yawan yaran da suka taɓa halarta. Wannan adadi ba ya gaya maka komai game da lafiyar shiri. Taron kwana ɗaya zai iya tara yara ɗari biyar, a ɗauki hoto, a watse. Tambayoyin da suka fi amfani ba su da daɗin sawa a rahoto: cikin waɗanda suka zo zaman farko, nawa ne suka kai na biyar? Rassa nawa ne suka yi zama a watan jiya? Masu jagora nawa ne suka cika shekara? Yara nawa ne suka gama wani abu da za su iya nunawa? Reshen da ke cikin jeri amma ya yi wata shida bai zauna ba, a kira shugabansa a ji damuwarsa. Idan ya mutu a cire shi, kada iyaye su yi tattaki su tarar da ƙofa a rufe.

Dawowar yara kuma tana da alaƙa da abin da ke gabansu. Bayan shafi na uku, yaro zai tambaya, sai me? Dole a sami tsani: daga rubutu zuwa ado da CSS, daga nan zuwa JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995, inda maɓalli ke amsawa idan an danna shi. Sama da duka, a sami wanda zai kalli aikin. A 2012 'yan sa-kai na CoderDojo suka shirya baje koli mai suna Coolest Projects, inda yara ke tsayawa gefen aikinsu suna yi wa baƙi bayani. Ya zama taron shekara-shekara, ya girma har ya koma babban filin baje koli na Dublin. Ranar da aka tsayar tana sa yaro ya kammala abin da ya fara. Ƙaramin reshe ma zai iya yin nasa: la'asar ɗaya a ƙarshen zango, a gayyato iyaye da mai unguwa da shugaban makaranta. Mafi kyawun aiki shi ne wanda wani ke buƙata, kamar shafin jadawalin makaranta ko na shagon ɗinkin mahaifiya.

Lokacin da aiki ya fi ƙarfin masu shi

Kyauta ga yaro ba ya nufin ba a kashe kuɗi. Da rassa suka yawaita, sai ga ayyukan da ɗan sa-kai ba zai iya yi a daren Juma'a ba: tantance sababbin rassa, amsa wasiƙu daga ƙasashe masu nisa, rubuta darasi, horar da masu jagora, kula da rajista. Shi ya sa a 2013 aka kafa wa CoderDojo gidauniya a Dublin mai 'yan ma'aikata kaɗan. Aikinta hidima ne ga rassa, ba mulkinsu ba, kuma wannan bambanci ya kamata ya fito a kasafin kuɗi: abin da ke sauƙaƙa wa shugaban reshe aikinsa shi ne kan gaba. Kuɗin kuma kada ya fito daga aljihu ɗaya, domin kamfani yakan canja manufa a zaman shugabanni guda.

Akwai kuma matakin da mai kafa shiri ke jin nauyinsa, wato ya yarda cewa abin ya fi ƙarfinsa. A watan Nuwambar 2015 Code Club ta haɗe da gidauniyar Raspberry Pi ta birnin Kambirij, masu 'yar kwamfutar nan mai arha da ta fito a 2012. A watan Mayun 2017 CoderDojo ta bi sahu, aka kuma sanar da burin kai rassa 5,000 kafin ƙarshen 2020. Shekarar da aka ɗiba ita ce ta annobar korona. Ranar 12 ga Maris aka ba da umarnin rufe makarantun Ayalan, ɗakunan aro a ko'ina suka rufe, zama ya koma ta intanet ga waɗanda suka iya. Ba mai tsara shiri da ya hango wannan. Abin da ake iya tanada shi ne abin da ke sa reshe ya farfaɗo bayan ya tsaya: mutanen da suka san juna, darasin da ke hannunsu, da tsofaffin ɗalibai da suka isa su karɓi aiki.

Don haka mai shirin faɗaɗawa ya ajiye taswirar garuruwa tukuna, ya ɗauko takarda ya rubuta sunaye. Wa zai riƙe reshe na biyu, wa zai tsaya masa idan ba ya nan, su wa za su zauna da yara, wa ya san su, kuma waɗanne ne cikin yaran bana za su iya riƙe teburi baɗi? Idan layukan sun cika, a nemi ɗaki a sa rana. Idan da saura, a ƙara wata shida ana horar da mutane a ɗakin da ake da shi. Sannu ba ta hana zuwa. Babi na gaba zai duba yadda ake wannan horo, tun daga ranar da ɗan sa-kai ya fara shigowa har ranar da za a miƙa masa makulli.